Ƙawata Baturiya ta gayyace ni hutun hunturu a gidansu, Baba kuma ya yi shiru

Assalamu alaikum, Anti, da fatan kina lafiya. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 24, na zo birnin Leeds na ƙasar Ingila a watan Satumba domin karatun digiri na biyu. Hutun hunturu ya gabato, kuɗin jirgi zuwa gida ya fi ƙarfinmu, kuma duk waɗanda muke zaune tare a gidan ɗalibai za su watse. Akwai wata Baturiya 'yar ajinmu da ta riƙe ni tun zuwana. Ita ta raka ni na yi rajista a wurin likita, ita kuma ta yi jinyata kwana biyu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Ta ce mahaifiyarta ta ce lallai in zo in yi hutu a gidansu, a wani ƙauye da ke arewacin Yorkshire, daga 22 ga Disamba har zuwa 2 ga Janairu. Don murna na amsa nan take ban tambayi kowa ba. Da na gaya wa Umma ta ce ba ta ga laifi ba, amma da maganar ta kai kunnen Baba sai ya ce "To", bai ƙara komai ba, ni kuwa na san irin wannan "To" ɗin nasa. Wata 'yar'uwa da muke haɗuwa a masallaci kuma ta ce haramun ne in kwana a gidan da ake bikin Kirsimeti. A gidan akwai mahaifin ƙawata da yayanta namiji, akwai kare, kuma na san za a sha giya. Ban faɗa mata komai ba domin ina jin nauyinta. Anti, duhun garin nan da kaɗaici sun fara taɓa ni, wani lokaci sai in tsinci kaina ina kuka ba dalili. Har zuciyata ta fara raya mini in tafi abina, in ce wa Baba ina ɗakina. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne ƙarshenta, wurin da kika ambaci kuka da kuma tunanin ɓoye wa Babanki gaskiya. Zan fara da kukan, domin ba ba dalili kike yinsa ba. Kin fito daga garin da rana take fitowa kusan lokaci ɗaya duk shekara, inda ko a tsakiyar hunturu, da hazo da tsagewar leɓe, mutum yana iya fitowa hantsi ya sha rana a tsakar gida, kin faɗa garin da a ƙarshen Disamba gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma rana ta faɗi. Ɗan'adam ba dutse ba ne. Hukumar lafiya ta Birtaniya da kanta tana ba mazauna ƙasar shawarar shan sinadarin bitamin D a watannin sanyi saboda ƙarancin rana, kuma likitan da ƙawarki ta raka ki wurinsa ya saba jin irin wannan koke daga ɗaliban da suka zo daga ƙasashen zafi. Idan kukan ya ci gaba, ko barci da cin abinci suka lalace, ki koma wurinsa ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mini. Na faɗi wannan ne don ki san cewa sha'awar da kike yi ta kasance cikin mutane a wannan hutu bukata ce ta gaskiya, kuma ba zan ba ki shawarar da za ta bar ki ke kaɗai a gidan da kowa ya watse ba.

Amma maganar ki tafi a ɓoye, wannan ki cire ta daga ranki tun yau. Mutumin da ya amince ya sa 'yarsa a jirgi ta tafi wata nahiya ita kaɗai, ya kuma toshe kunnensa daga masu cewa ya yi ganganci (na tabbata an faɗa masa haka), ya ba ki abin da ya fi kuɗin makaranta tsada. Ranar da ya kira ki ta bidiyo ya ga bangon da bai sani ba, ko ya ji haushin kare a bayanki, abin da zai rushe ya wuce wannan hutu, kuma ƙannenki mata da ke biye da ke su ne za su biya bashin idan lokacin karatunsu ya zo. Bayan haka kuma, duk yarinyar da take kwana a wurin da babu wani nata da ya san tana can ta jefa kanta cikin haɗari, ko da mutanen gidan na kirki ne.

Idan na duba lamarin nan gaba ɗaya, gayyatar kanta ba ita ce matsalar ba. Abin da ya ɗaure ki shi ne kunya ta hana ki magana a gidaje biyu. Baba bai san wane irin gida ne za ki ba, saboda haka zuciyarsa ta cike gurbin da mafi munin abin da ya taɓa ji game da Turai. Mahaifiyar ƙawarki kuma ba ta san wace irin baƙuwa za ta sauka ba, saboda haka tana can tana shirya miki abin da za ki kasa ci. Dukansu biyu mutane ne masu nufinki da alheri, kuma dukansu kin bar su cikin duhu. Aikin da ke gabanki shi ne ki buɗe baki, tun da sauran kwanaki.

Ki fara da ƙawarki, domin sai kin san amsoshinta za ki sami abin da za ki kai wa Baba. Ki same ta ku zauna, ki gode mata, sannan ki faɗa mata dalla-dalla abin da kike ci da wanda ba kya ci, da lokutan sallarki, da cewa ba kya musabaha ko runguma da maza, da cewa za ki kasance da lulluɓi a gaban mahaifinta da yayanta. Ki tambaye ta inda za ki kwana, shin ɗakinki daban ne ko tare da ita, da kuma ko za a iya hana karen shiga wannan ɗaki. Na san wannan yana yi miki nauyi, domin a tarbiyyarmu baƙo ba ya gindaya sharaɗi, abin da aka ajiye masa shi yake ci. Su kuwa a wurinsu akasin haka ne. Uwargida a can takan tsara abincin Kirsimeti makonni kafin ranar, wasu ma tun farkon Disamba suke yin odar talotalon, kuma tambayar baƙo abin da ba ya ci al'ada ce da aka saba, domin gidaje da yawa akwai wanda ba ya cin nama ko wanda wani abinci ke tayar wa da ciwo. Abin da zai ɓata wa matar nan rai shi ne ta wuni a kicin, ta zuba miki, ki zauna kina juya cokali kina murmushi. Ki kuma sani cewa alkunyar nan tamu ta cewa "na ƙoshi" sau biyu kafin a karɓa ba ta aiki a can. Idan kika ce kin ƙoshi, ɗauke kwanon za a yi, ki kwana da yunwa.

Tunda ba ki taɓa ganin teburin nasu ba, bari in faɗa miki inda ake tuntuɓe. Talotalon da kansa galibi ba yankan Musulmi ba ne, kuma sau da yawa ana shimfiɗa masa yankakken naman alade a ƙirji kafin a sa a tanda don kada ya bushe. Akwai wasu ƙananan tsiren niƙaƙƙen nama da ake naɗe su da naman alade a jera a gefe. Abin da ake cusa wa tsuntsun a ciki shi ma yakan ƙunshi naman alade. Dankalin Turawa akan gasa shi da kitsen dinya ko na talotalon, romon da ake kwararawa a kai kuma wani lokaci ana zuba masa giya. Kayan zaƙin da ake kawowa a ƙarshe, wani baƙin curi mai busassun 'ya'yan itace, ana jiƙa shi da barasa, har ma a kunna masa wuta a gaban jama'a, kuma wasu alawoyin akwai jelatin na alade a ciki. Malamai sun yi saɓani a kan naman da ake sayarwa a manyan kantunan ƙasashen Ahlul Kitabi, kuma ba na so ki zauna kina lissafin saɓani da cokali a hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ce kifi da kayan lambu sun ishe ki, a gasa dankalinki da man zaitun a tire daban. Idan kuma kina son nama, a Leeds kike, mahautan halal suna nan birjik a unguwar Harehills da Hyde Park. Ki sayi kaza biyu ki sa a jakar sanyi ki tafi da su, ɗaya a gasa miki ranar bikin, ɗaya ki dafa wa gidan dafa-duka washegari, ki rage attaruhu.

Batun giya shi ne mafi nauyi, kuma ba zan sassauta miki shi don ki ji daɗi ba. Akwai hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma malamai da yawa sun tsaya a kansa. Wasu daga cikin malaman da ke zaune a Turai suna duba halin bukata da na wanda yake tsiraru a cikin jama'a, amma wannan hukunci ba nawa ba ne, ba kuma na 'yar'uwarki ta masallaci ba ne. Ki je wurin limami a Babban Masallacin Leeds da ke Hyde Park, ko malamin da ke kula da ɗalibai Musulmi a jami'arku, ki faɗa masa halin da kike ciki yadda yake, domin irin waɗannan tambayoyi suna zuwa musu duk Disamba. Sannan ki gaya wa ƙawarki damuwarki a fili. Akwai gidajen da za su ce ba komai, a bar giyar sai bayan an tashi daga tebur, su koma falo da ita ke kuma ki haye sama. Akwai kuma waɗanda za su ga abin ya yi musu yawa a ranar bikinsu, kuma suna da haƙƙi, gidansu ne. Amsar da za su bayar ita za ta nuna miki ko kwana za ki yi ko yini.

Kare kuwa bai kai yadda kike tsoro ba. A mazhabar Malikiyya da aka karantar da mu a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuma bin umarni ne. Saboda haka idan ya goga jikinsa a zanenki, sallarki ba ta ɓaci ba. Abin da ya rage shi ne tsoro da ƙyama, waɗanda muka taso da su, kuma wannan sai ki faɗa, a riƙe shi lokacin da za ki shiga, a rufe ƙofar ɗakinki. Ki dai kiyaye kada ki nuna masa ƙyama a gabansu, domin a wurinsu ɗan gida ne.

Sallah tana bukatar shiri na musamman saboda gajartar yini. A makon Kirsimeti azahar tana shiga jim kaɗan bayan sha biyu na rana, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba kuma kafin ƙarfe huɗu, wato salloli uku cikin ƙasa da awa huɗu, kuma daidai wannan tsakanin ne ake cin babban abincin ranar 25, da ƙarfe uku kuma gidaje da yawa sukan kunna talabijin su saurari jawabin Sarkin Ingila. Idan ba ki faɗa tun farko ba, za ki zauna kina kallon taga tana duhu kina jin nauyin tashi. Ki rubuta lokutan a takarda ki ba ƙawarki, ki ce kowace minti biyar ce. Alƙibla daga Ingila tana kudu maso gabas, wayarki za ta nuna miki. Ki tafi da sallayarki da ƙaramar buta ko gora, domin ba za ki tarar da ita a banɗakinsu ba, ki kuma goge ruwan alwala daga ƙasa in kin gama, wasu banɗakunan ma kafet ne a shimfiɗe. Idan nisan ƙauyen ya kai na kasaru, wajen kilomita 80, kuma ba ki yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, kina da rangwamen matafiyi. Ni kaina na taɓa yin hunturu a Ingila ina ɗaliba, kuma ba na manta wata dattijuwa da na sauka a gidanta kwana biyu. Da na ce mata zan yi sallah, sai ta shiga ɗakin kafin ni ta kawar da kujera daga kusurwar da na nuna, ta juya wani hoto da ke kan tebur ya fuskanci bango ba tare da na roƙa ba, ta ja mini ƙofa a hankali. Da na yi shiru saboda kunya, da ban ga wannan karamci ba.

Yanzu ga 'yar'uwarki ta masallaci. Kada ki ɗauke ta abokiyar gaba, kishin addininki take yi, kuma akwai gaskiya a wani ɓangaren maganarta. Abin da ya shafi ibadarsu ba naki ba ne: idan za su tafi coci daren 24 ko safiyar 25, ki yi musu a dawo lafiya ki zauna, kuma ba za ki shiga waƙoƙin da ke ɗauke da aƙidarsu ba. A kan taya murna da baki, akwai malaman da suka hana, akwai kuma waɗanda suka halatta, ciki har da Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, wadda ta yarda a gaisa da maƙwabta da abokan zama a ranar bikinsu matuƙar ba a furta abin da ya saɓa wa aƙida ba. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, "Allah ya sa a yi hutu lafiya" ko "na gode da karamcinku" sun wadatar. Amma cewa kwana a ƙarƙashin rufinsu kawai haramun ne, wannan ta faɗaɗa. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba saboda addini, kuma ke 'yar jihar Kaduna ce, kin san unguwannin da ake aika wa maƙwabta Kirista naman layya, su kuma ranar Kirsimeti su sa Musulmi ya yanka musu dabba don shinkafarsu ta shiga kowane gida. Ki kuma sani cewa a ƙidayar 2021, ƙasa da rabin mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma suka ce ba su da addini. A gidaje da yawa ranar ta zama ta haɗuwar dangi da cin abinci da musayar kyauta, ba a ko ambaci coci. Ki tambayi ƙawarki wane iri ne nasu. Ita kuma 'yar'uwar, ki tambaye ta cikin ladabi inda za ta yi nata hutun, wataƙila akwai wuri a gare ki a sauran kwanakin.

Wannan ya kawo ni kan tsawon zaman, inda nake ganin an yi kuskure tun farko. Daga 22 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu kwana goma sha ɗaya ne, kuma ya yi yawa, gare ki da gare su. Hadisi ya ce baƙunci kwana uku ne, Bahaushe kuma ya ce baƙo raɓa ne. Gidan da ya ɗauki nauyin sauya girki da tsare kare da rage shaye-shaye zai yi haka da farin ciki na kwana uku, amma a kwana na bakwai kowa ya gaji, ke ma kin gaji da ɗaura ɗankwali tun daga fitowa banɗaki. Daren sabuwar shekara kuma shi ne daren da aka fi sha, babu abin da zai kai ki. Shawarata ki je ranar 24 da safe ki dawo ranar 27. Na zaɓi waɗannan ranaku ne saboda yadda sufuri yake: jiragen ƙasa suna tsayawa da wuri a yammacin 24, ba sa tafiya ko kaɗan ranar 25, ranar 26 kuma kaɗan ne ƙwarai suke aiki, motocin haya na ƙauye ma haka, manyan kantuna kuma doka ta sa su rufe ranar 25. Ma'ana, da zarar kin shiga ƙauyen nan, ba ki da hanyar fita ta kanki har kwana biyu, kuma dole ki san haka kafin ki tafi. Ki sayi tikitin dawowarki da kanki tun yanzu, da katin rangwamen matasa da ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ki ajiye lambar wani direban tasi na yankin, ki tambaya ko waya tana samun sabis a gidan. Uzurinki kuma na gaskiya ne, ba sai kin ƙirƙira ba: ayyukan makaranta na jiranki a Janairu.

Da waɗannan amsoshi a hannu sai ki nufi Baba. Kada ki aika saƙon rubutu, kada kuma ki bar Umma ta ci gaba da zama 'yar aike, domin wataƙila rabin shirunsa daga nan ya fito, cewa a bakin wani ya ji, kuma bayan an riga an yanke. Ki sa Umma ta duba miki lokacin da yake cikin natsuwa, ki tuna Najeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya a wannan watan, ki kira shi ki gaishe shi yadda kika saba. Abu na farko da zai fito daga bakinki shi ne neman gafara, cewa kin amsa gayyata ba ki nemi izininsa ba, kuma kin gane kuskurenki. Sannan ki ba shi labarin yarinyar nan, ki fara da jinyar da ta yi miki, domin duk uban da ya ji an riƙe 'yarsa a baƙon wuri zuciyarsa takan yi laushi. Ki faɗa masa su wa ke gidan, har da yayan namiji, kada ki ɓoye don kada ya ji daga baya. Ki faɗa masa kwana uku ne, ga inda za ki kwana, ga abin da za ki ci, ga abin da malam ya ce. Ki faɗa masa kuma yadda gidan ɗaliban zai kasance idan kowa ya tafi, domin mai yiwuwa a tunaninsa zama a ɗaki shi ne aminci, bai san cewa bene ne mai hawa da yawa da zai zama kango ba. Kada ki ja masa aya ko hadisi, ya riga ki sani, kuma ba muhawara kika je yi ba. Ki rufe da cewa hukunci nasa ne.

Akwai wani abu guda da na ga yana aiki fiye da dogon bayani. Ki roƙi mahaifiyar ƙawarki ta gaisa da Umma ta bidiyo, ko na minti biyar ne, ke kina fassara in da bukata, Baba kuma yana kusa ko da bai sa baki ba. A wurinmu ba a ba da 'ya ga gidan da ba a san fuskar masu shi ba, kuma da zarar uwa ta ga uwa, ta ji ta ce "zan kula da ita", maganar ta tashi daga "gidan wasu Turawa" ta koma gidan wance. Ki tura wa Baba adireshin da lambar wayar gidan, ki kuma yi alkawarin kira kullum bayan isha'i, ki cika.

Idan bayan duk wannan ya ce a'a, ki karɓa, ko da za ki yi kuka bayan kin ajiye wayar. Ki nemi izinin abin da ya fi sauƙi, wato ziyarar yini ɗaya ranar 27 ko 28, ki je da safe ki sha shayi ku zaga ƙauyen ki dawo da yamma. Ƙawarki kuma ki gaya mata gaskiya, cewa mahaifinki bai natsu da kwana ba kuma kina girmama maganarsa. Kada ki ƙirƙiri ciwo ko wani aiki, domin wadda ta zauna a bakin gadonki kwana biyu ta cancanci gaskiya. Sauran kwanakin kuma kada ki bar su haka. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗaliban Najeriya da ofishin ɗaliban ƙasashen waje sukan san waɗanda ba su tafi gida ba, ki nemi biyu ko uku ku haɗa girki. Bradford tana kusa da ku, tafiyar kamar minti ashirin ce a jirgin ƙasa, kuma akwai Musulmi da masallatai da wuraren cin abinci na halal da yawa. Kowace rana ki fita ki taka da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ɗan hasken yake nan.

Idan kuwa ya sa albarka, to kada ki je hannu rabbana. A safiyar 25 kowa yana buɗe kyauta, kuma kusan tabbas an ajiye miki taki, saboda haka ki tanadi abu kaɗan ga uwar da uban da ƙawar, ki ba su a matsayin tsarabar baƙo ga masu masauki. Idan kin zo da wani abu daga gida, jakar fata ko ƙyalle mai aikin hannu ko turaren wuta, ya fi duk abin da za ki saya a kanti. Kada ki sa a aiko miki da kilishi, dokar ƙasar ta hana shigo da nama daga Najeriya. Idan za ki kai yajin tsire ko wani abu mai ƙuli-ƙuli, ki fara tambaya ko akwai wanda gyaɗa ke yi wa illa, domin a can abu ne da ke kai mutum asibiti. Busasshen zoɓo yana samuwa a shagunan 'yan Afirka na Leeds; ki dafa shi da citta da kanumfari ki kai teburin da zafinsa, sai ya zama kowa yana da jan abin sha a kofinsa, har da ke. Ki tashi ki taya kwashe kwanuka, ki gyara gadonki ranar tafiya, bayan kin koma kuma ki aika wa uwar katin godiya da rubutun hannunki ta gidan waya, domin suna ba wannan muhimmanci ƙwarai.

Ki ɗauki safa mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga, gidajen ƙauyen nan tsofaffi ne kuma sanyinsu ya fi na Leeds, bayan abinci kuma za su ce a fita yawo cikin taɓo. Ki yi magana da ƙawarki cikin wannan makon, kafin mahaifiyarta ta gama sayayya, Baba kuma kada Juma'a ta wuce ba ki kira shi ba. Allah ya sanyaya miki, ya tsare ki, ya ba ki sa'ar karatu. Ki rubuto mini in ji abin da ya ce.